Shekarar da Inna Ta Zo Ɗaukar Ɗiyarta

Kun daɗe kuna tambayata labarin yaƙi, musamman jikokin nan da suke kallon harbe-harbe a waya suna zaton haka abin yake. To ga shi zan rubuta, tun idona yana ganin layi. Amma ku sani tun yanzu, ba ni da labarin jarumta. Abu ɗaya na samo a yaƙin basasa, shi ne uwarku, kuma saura ƙiris ta kuɓuce mini a shekarar da na kawo ta Sakkwato. A tsakar gidanmu na cikin gari abin ya faru, wurin da babu ko bindigar toka. Tana nan zaune kusa da ni yanzu a unguwar Runjin Sambo tana tsince shinkafa, ta kuma ce in na ƙara gishiri a labarin za ta sa 'yarmu Kulu ta yage takardar.

Mu dukawa ne, kun sani. Mahaifina ya rasu ya bar ni da basilla da zare, ni kuwa ƙuruciya ta sa na ga ɗinkin fata ya yi mini kaɗan. Da aka zo neman samari na bi layi, aka auna ƙirjina aka ce na isa. Bayan horo aka kwashe mu zuwa kudu, aka ajiye mu a bakin wani kogi. Wannan gaɓar tamu, waccan ta mutanen da suka ce sun ɓalle sun kafa ƙasarsu. Mu muna ce musu 'yan tawaye, su kuwa yaƙin neman 'yanci suke kiran abin, har da tutarsu da kuɗinsu. Ni a lokacin ban fahimci ko ɗaya ba. Abin da na fahimta shi ne ruwan sama. Mutumin da ya tashi a garin da ake roƙon ruwa a filin idi, sai ga shi a inda ake kwana ana wuni ana sheƙa shi, itatuwa sun rufe sama har ka rasa gabas balle ka yi salla. Tsoro kuwa na ji shi, ban ɓoye muku ba. Ran da aka fara yi mana ruwan harsashi daga ƙetare na karanta duk abin da na haddace a makarantar allo, har da wanda ban haddace ba.

Damshin nan ne ya cece ni. Takalman soja suka riƙa ruɓewa a ƙafar mutane, tafin yana rabuwa da saman. Wata rana saje ya same ni ina ɗinke nawa, ya tsaya ya duba, ya cire nasa ya jefo mini. Daga ranar na zama Baduku a bakin kowa. Na gudu daga basilla tun daga Sakkwato, ta bi ni har bakin daga ta kama ni. Ana ba ni gadi kamar kowa, na kuma yi harbi cikin duhun daji ba tare da na ga wanda nake harbi ba, abin da har yau nake nema wa gafara. Amma yawancin yaƙina a gindin wata bishiya na yi shi, da tarin takalma masu wari a gabana.

A ƙetaren kogin yunwa ake yi, irin wadda ban taɓa gani ba, kuma babu abin da ya fi yi musu wuya kamar gishiri. Sai matansu suka riƙa tsallakowa a kwalekwale ta wani lungu, su sayi gishiri da busasshen kifi a ƙauyen da ke bayanmu, su koma. Abu ne na sai da rai, domin can ana iya ce musu 'yan leƙen asiri, nan ma haka. Sajenmu mutumin kirki ne, in ya hango su sai ya ga ashe akwai abin dubawa a wani gefen. A cikin matan nan na fara ganin uwarku. Siririya ce kamar kara, da ƙullin gishiri a ka, tana jan ƙafa ɗaya saboda takalminta na tayar mota ya tsinke. Ta tsaya nesa tana kallon aikina. Na miƙa hannu, ta yi jinkiri, sannan ta cillo takalmin ba ta matso ba. Ina da guntun jar fata irin tamu ta Sakkwato da na zo da ita daga gida, da ita na yi masa sabon maɗauri. Ta saka, ta taka, ta dube ni da ɗan Turancin bariki da muke ji duka biyu ta ce ɗayan fa? Ɗayan lafiyarsa ƙalau. Na karɓa na yi masa shi ma don su yi daidai. Ko na gode ba ta ce ba, tana nan tana musu yanzu, amma ba ta ce ba.

Sunanta Nkechi, bakina ya kasa, na mai da shi Kechi, haka kuma duk Sakkwato ta san ta. Ta riƙa zuwa duk lokacin da hanya ta yi kyau. Da kaɗan-kaɗan ta koyi Hausar sojoji, wadda babu ladabi a cikinta ko na anini. Ita ta fara fahimtar da ni cewa mutanen ƙetare ba mahaukata ba ne. Ta ce tsoro ne ya kai su ga neman ƙasarsu, kuma yayanta yana cikin masu riƙe da bindiga a can. Wata rana ta zo ta zauna a kan gungume har la'asar. Daga baya na ji an kashe shi. Ban san harsashin wa ya same shi ba, kuma ba ta taɓa tambayata ba, tun daga ranar har yau.

Da yaƙi ya ƙare na tsallaka kogin na nemi ƙauyensu. Rabinsa toka ne. Mahaifinta ya daɗe da mutuwa, uwarta kuma ciwon yunwa ya ɗauke ta gab da a ajiye makamai. Ƙanin mahaifinta kaɗai ya rage, tsoho mai ido ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau, domin na san abin da ake faɗa a kan matan da sojoji suka dawo da su. Ni ban ɗauko uwarku ba, aurenta aka ba ni. Na kai akuya da goro, tsohon ya tara waɗanda suka rage, ya tambaye ta a gaban kowa. A al'adarsu yarinya takan ɗauki ƙoƙon bammi ta kai wa wanda ta zaɓa. Ita ta zubar da bammin ta cika ƙoƙon da ruwa, don ta san ba na sha, ta durƙusa ta miƙo mini. Limamin bariki ya ɗaura aure bayan haka.

Muka hau jirgin ƙasa, daga Gusau muka shiga babbar mota. Tun daga hanya take leƙe tana tambayata wa ya sare mana itatuwa. Muka iso ana tsakar zafi, irin wanda ƙasa take ƙona tafin ƙafa. A gida akwai mata biyu: mahaifiyata, Inna, da ƙanwar mahaifina, Gwaggo Ige, wadda bakinta ba ya hutawa. Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa Gwaggo ko da ina tsaye a wurin. Na dawo daga yaƙi da raina bayan an sha cewa na mutu, Gwaggo ta rungume ni tana kuka tana guɗa. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗin auduga, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce:

"Ige, a ba baƙi ruwa, sun sha rana."

Ni na ga furar da aka kawo irin damun hannunta ce, na san murna ta kusa kashe ta. Kechi ba ta ga wannan ba. Ita ta ga tsohuwar da ɗanta ya dawo daga bakin mutuwa ta kira shi baƙo, ta ce a ranta saboda ni ne, don ya kawo 'yar abokan gaba. Kuma ba ta rasa dalili ba. A unguwar akwai gidajen da 'ya'yansu suka tafi ba su dawo ba, matan suna shigowa kallonta kamar an kawo abin kallo daga daji, wata ma ta tofar da yawu a zaure da za ta fita. Inna ba ta ƙara amsa sallamar matar ba. Kullum takan aiko wa Kechi da wani abu, yau man shanu, gobe zane, amma duk ta hannun Gwaggo, domin matar ɗan fari ita ma ana jin nauyinta. Kechi sai ta ɗauka Gwaggo ce mai kirkin. Ni kuwa ban yi bayani ba, don ban san abu ne mai neman bayani ba. A cikinsa aka haife ni.

Da damina ta wuce ciki ya bayyana. Na koma rumfar mahaifina a kasuwa kafin in sami aikin gadi a kamfanin siminti na Kalambaina, ina fita da safe in dawo da la'asar. Ba na sanin abin da mata suke ƙullawa. Ashe da cikin ya shiga wata na bakwai sun fara shirin goyon ciki. Ku 'yan yanzu asibiti kuka sani, to a da mace ba ta haihuwar fari a gidan miji. Gidan iyayenta ake mai da ita, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta yi mata wankan jego da ruwan zafi da ganye har arba'in, ta dama mata kunun kanwa, sannan a dawo da ita. Gidan da ya hana yarinya wannan ya ci mutuncin iyayenta. Inna kuwa ba ta son a ce don yarinya baƙuwa ce an tauye mata haƙƙi. Ta sai da auduga ta sayi gero, da kanwa, da turmin zane, da goron kai wa surukai. Su a saninsu iyayenta suna nan, tunda na ce danginta ne suka ba ni ita. Maganar mutuwar uwarta ba ta taɓa tasowa ba. Kechi ba ta zancen yaƙi da kowa, ni kuma ina zan fara zancen surukata da Inna?

Wata rana na dawo na tarar da kaya ɗaure a tsakar ɗaki, Kechi tana zaune a bakin gado, idanunta sun bushe ƙayau. Da ma kuka take da ya fi mini sauƙi. Ta ce Gwaggo ta shigo da fara'arta ta ajiye kayan ta ce mata:

"To ɗiyar nan, lokacin tahiya gida ya yi. Inna ta ce a shirya ki tun ciki bai yi nauyi ba."

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini, na ce ai al'ada ce, girmamawa ce, za ki je ki dawo. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce:

"A wurinmu mace ba ta zuwa ko'ina. Uwarta ce take zuwa. Ta ɗauko kayanta ta zo gidan mijin, ta yi wa 'yarta wanka, ta dafa mata abinci. Tun da na san ina da ciki nake kallon ƙofar nan, na san babu mai shigowa. Na yi shiru. Yanzu kuma an ce in tafi gida. Wane gida, Sanda?"

Ta ce za ta tafi, tunda uwata ta gaji da ganinta, za ta je wurin tsohon mai ido ɗaya ta haihu a hannun duk wadda ta samu. Amma in ta tsallaka kogin nan ba za ta sake tsallakowa ba, kada in bi ta. Na san uwarku. Macen da ta shiga kwalekwale ana harbi saboda gishiri ba ta yin barazanar banza. Da safe akwai motar Gusau.

Abin da na yi bayan nan ya fi mini gadin bakin kogi wuya. Ɗan fari ya je gaban uwarsa da zancen cikin matarsa! Na fita tsakar gida, Inna tana kaɗinta, Gwaggo tana tankaɗe. Na juya wa Inna baya, na fuskanci Gwaggo, na ɗaga murya yadda za a ji. Na faɗi komai: ƙauyen da ya zama toka, yayan da aka kashe, uwar da yunwa ta ɗauke, da al'adarsu ta uwa ta zo wurin 'yarta. Na ce yarinyar nan ta ɗauka korarta ake yi, kuma in ta tafi ta tafi ke nan. Gwaggo ta saki rariya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Kai Sanda, don mi ba ka hwaɗi ba tun hwarko? Marainiya munka ɗaure ma kaya?"

Na ji ƙarar mazarin Inna ta tsaya, can kuma ta ci gaba. Na jira, na jira, na koma ɗaki. A raina na ce kunya ta fi ƙarfinta, ba za ta iya ba.

Washegari da hantsi Kechi ta yafa gyale, na ɗauko kayan na fito da su tsakar gida. Sai ga Inna ta fito daga ɗakinta cikin zanen saƙi da ba ta ɗaurawa sai za ta biki, da mayafi, da takalmi. Ta wuce mu ba ta dubi kowa ba, ta bi ta zaure ta fice waje. Muka tsaya muna kallon juna. Ba a jima ba muka ji murya daga ƙofar gida, da ƙarfi, irin ta baƙon da ya zo daga nesa:

"Salamu alaikum, masu gida!"

Gwaggo Ige, Allah Ya ji ƙanta, kanta yana ja. Nan take ta gane. Ta gyara ɗaurin zane ta amsa:

"Wa alaikumus salam! Maraba, maraba da mutanen nesa. Ku shigo. Kun sha hanya!"

Inna ta shigo a hankali, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gidanta, aka kawo mata ruwa daga randarta, ta sha ta yi godiya. Suka gaisa da Gwaggo tiryan-tiryan kamar surukan da suka shekara ba su haɗu ba, ina gajiya, ina mutanen gida, yaya aka ji da sanyi. Ni ina tsaye da kaya kamar ɗan dako. Sannan Inna ta ce:

"Na zo ɗaukar ɗiyata da kunka aura. Haihuwar hwari a gaban uwa aka yin ta. In ta yi arba'in mu maido maku."

Gwaggo ta ce, "Ga ta nan, lahiya lau munka riƙe ta."

Inna ta tashi. A karo na farko tun zuwan Kechi ta dube ta ido cikin ido, ta kama hannunta.

"Taso, Kechi. Mu tahi gida."

Ta karɓi ƙullin zanen ta aza a ka, tsohuwa da ita, ta ja hannun uwarku suka ratsa tsakar gida, suka wuce turmi da madafa, suka shiga ɗakinta. Tafiyar ke nan gaba ɗaya. A bakin ƙofar ne kukan da Kechi ta riƙe tun bakin kogi ya ɓalle, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ni ma na yi nawa, ban ji kunya ba. Na ɗauki buhun geron na bi su, ina kaiwa ƙofa aka saki asabari a fuskata. Daga ciki na ji Inna tana cewa:

"Ige, a hwaɗa ma mijinta shi kawo iccen wanka. Busasshe, ba ɗanye ba."

Haka na tashi daga ɗa na koma suruki a gidan ubana. Ban yi asarar komai ba, domin da ɗan fari da suruki duk ba a kallonsu. A ɗakin nan aka haife ki, Kulu. Inna da hannunta ta riƙa tafasa ruwa safe da yamma tana yi wa uwarki wanka da ganyen dogon yaro, uwarki tana ihu da yarensu, Inna tana ce mata ta yi haƙuri da namu. Ni aikina faskare. In ina son ganin 'yata sai in yi sallama daga waje in durƙusa, a miƙo mini ita ta ƙarƙashin asabari. Da aka yi arba'in aka dawo mini da matata da gara, har da guɗa, aka sake ratsa tsakar gidan. Inna ta raka ta har ƙofata ta ce mata, yadda zan ji:

"In ya ɓata maki rai, kin san hanya."

Ta kuwa san ta. Ban san wani namiji a Sakkwato da matarsa take yin yaji ya riƙa hango ta tana cin tuwo ba sai ni. Kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ba ni gaskiya a ɗakin nan ba. A wurin Inna uwarku ta koyi Hausar kirki, da girki, da kaɗi, a wurinta kuma ta koyi salla lokacin da ta ga dama da kanta, ba wanda ya ce mata ta yi. Maganar komawa ƙetaren kogi ba ta sake tasowa ba, sai ziyara da muka kai wa tsohon kafin ya rasu.

Inna ta yi tsawon rai, ta ga auren Kulu. Ran da ta cika, da safe ne, gida ya cika da mata, aka aika a kira tsohuwar da take yi wa matan unguwa wankan gawa. Ina zaure ina karɓar gaisuwa aka ce in leƙo, wai Kechi ta tare ƙofar ɗaki ta hana kowa shiga. Na same ta ta naɗe hannun riga, ta ɗora ruwa a wuta da kanta tana taɓawa da yatsa kada ya yi zafi. Tsohuwar ta ce mata surukuwa ba ta saba yin wannan ba, ta bari a hutar da ita. Uwarku ta sauke tukunyar ta ce:

"Wa ac ce maki surukuwata ta? Ku ba ni wuri. Uwata ta, ni ka yi mata."